Ra'ayinmu: Wa Ya Auna Malamin Lissafin Da Ke Cikin Waya?

A 'yan shekarun nan, musamman tun daga watan Maris na 2020 da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a duk faɗin ƙasar nan, wani sabon malamin lissafi ya shigo gidajenmu. Bai yi sallama ba, ba wanda ya tambaye shi inda ya yi karatu, balle a ce ya nuna takardar shaidar malanta. Yana zaune cikin wayar hannu, yana yi wa 'ya'yanmu darasi da dare bayan mu mun yi barci. Iyaye da yawa sun yi masa marhabin, kuma ba mu ga laifinsu ba. Wanda ɗansa ke cikin ajin da yara suka cika maƙil har wasu na zaune a taga, malamin lissafi kuwa ɗaya tak ga makaranta duka, in aka ce masa ga wani malami nan a waya, ai dole ya yi murna.

To, amma 'yan'uwa, mu da ba ma sayen gero sai mun juya mudu mun duba ko an lotsa gindinsa, yaya aka yi muka miƙa yaranmu ga malamin da ba mu auna ba?

Abin da ya sa muka ta da wannan magana, abu ne da muka gani da idonmu. Wata gwauruwa a unguwarmu ta sayar da akuyarta ta saya wa 'yarta waya, domin yarinyar na shirin jarrabawar fita sakandare, burinta kuwa ta zama nas. Wata da watanni uwar na tsakurar kuɗin ƙosai tana sayen data, yarinya kuma kullum kanta na sunkuye a kan waya. Da sakamako ya fito, lissafi F9. Muka zauna da yarinyar muka ce ta nuna mana darussan da take kallo. Sai ga gajerun bidiyoyi birjik, kowanne na alkawarin dabarar da za ta warware tambaya cikin daƙiƙa biyar. Muka ba ta takarda muka ce ta tara 1/2 da 1/3. Ta rubuta 2/5, wato ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, alhali amsar 5/6 ce. Wannan yarinya ba raguwa ba ce. Ta ba da lokacinta, uwarta ta ba da akuyarta, abin da aka auna musu ne bai cika ba.

Kowa ya sani, wanda bai sami aƙalla C6 a lissafi ba a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar aikin likita da nas da injiniya da akanta a rufe take gare shi, sai ya sake biyan kuɗin jarrabawa ya jira wata shekara. A gidan talaka kuwa, sau da yawa ba a samun wannan zarafi na biyu.

Kada a ɗauka muna cewa duk abin da ke intanet shirme ne. Sam. Akwai na ƙwarai. Wani mutumin Amurka mai suna Salman Khan ya fara koya wa wata 'yar danginsa lissafi daga nesa a 2004, ya soma sa darussan a YouTube a 2006, daga nan aka kafa Khan Academy a 2008. Kyauta ce, tana da darussa daga ƙirge har lissafin jami'a, kuma bayan bayani tana ba yaro aikin yi ta duba masa. Akwai GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a Ostiriya a 2001, mai nuna wa yaro yadda layi da kusurwa da da'ira ke sākewa idan ya taɓa su da yatsa. A nan gida akwai uLesson, wadda Sim Shagaya ya kafa a 2019, an shirya ta bisa karatun makarantunmu, sai dai ta kuɗi ce. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wadda Gwamnatin Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a watan Maris na 2022, kyauta, har da darussa cikin Hausa. Ba talla muke yi wa kowa ba. Mun ambace su ne don a san kasuwar ba ta rasa kayan kirki ba, sai dai ko kayan kirkin ma sai an san wanda ya dace da wane yaro.

Tambayar farko da ya kamata uba ya yi ita ce: wannan darasi, don wace jarrabawa aka shirya shi? Hausa ta yi mana wani ruɗani a nan, gama da tsarin karatun makaranta da abin da ake saukewa a waya duka manhaja muke ce musu, sai mutum ya zaci duk manhajar waya manhajar makaranta take bi. Ba haka ba ne. Hukumar NERDC ce ke tsara abin da za a koyar a makarantun Nijeriya, WAEC da NECO da JAMB kuma kowace na da jerin abin da take tambaya. Khan Academy, duk kyawunta, tsarin azuzuwan Amurka ne ginshiƙinta. Yaro zai iske tambayoyi a kan inci da mil da galan da dala, ga shi a makaranta santimita da kilomita da lita da naira ake tambayarsa. Wannan ma mai sauƙi ne. Babban abin shi ne akwai darussan da jarrabawarmu ke yawan kawowa waɗanda tsarin can bai ba su wannan matsayi ba, kamar sauya lamba daga ƙirgen goma zuwa ƙirgen biyu ko takwas, da auna tazarar garuruwa biyu a kan layukan taswirar duniya, da aiki da teburin logaridim, da zane da rula da kamfas. Yaro na iya cinye darasi ɗari ya shiga ɗakin jarrabawa ya iske baƙin fuskoki. Maganin wannan ba wuya. A ɗauki littafin da makaranta ke amfani da shi, ko New General Mathematics ne ko waninsa, a buɗe jerin babi-babi, a ajiye kusa da jerin darussan waya, a ga abin da ke nan da abin da babu. Masu zama kusa da iyakar Nijar ko Kamaru kuma su lura, darasin da aka yi da Faransanci waƙafi yake sawa inda mu muke sa ɗigo, wato 3,5 a wurinsu uku da rabi ke nan.

Sai maganar da ta fi ci mana rai, wato dabaru. Malamin ƙwarai yana faɗa wa yaro dalili. Mai neman a kalle shi kuwa abin mamaki yake nunawa ya wuce. Ga misali. Wani zai rubuta 16/64, ya soke 6 na sama da 6 na ƙasa, ya ce ga 1/4. Amsar daidai ce, amma katari aka yi. A gwada wannan hanya a kan 12/24, a soke 2 da 2, sai a sami 1/4, alhali ko mai tallar gyaɗa ta san 12 rabin 24 ne. Yaron da ya haddace irin wannan ya sha guba cikin zuma.

Haka nan ƙa'idar nan ta BODMAS da kowane ɗan ƙaramar sakandare ya sani, wadda Amurkawa ke kira PEMDAS. Masu gaggawa sukan koyar da ita kamar waƙa, harafi bayan harafi, sai yaro ya ɗauka kullum tarawa na gaba da ɗebewa. A ba shi 10 − 3 + 2, sai ya tara 3 da 2 tukuna ya ce 5. Amsar kuwa 9 ce, domin tarawa da ɗebewa matsayinsu ɗaya, daga hagu ake bin su zuwa dama, haka ma ninkawa da rabawa. Duk darasin da bai tsaya ya bayyana wannan ba, a yi hattara da sauran abin da yake faɗa. A 2019 duniya ta yi ta cacar baki a intanet a kan 8 ÷ 2(2+2), wasu na rantsuwa 16 ne wasu 1, har abokai suka ɓata. Gaskiyar magana, rubutun tambayar ne ke da harshen damo, malamin kirki zai ƙara baka ya raba gardama. Amma da yake gardama ke jawo 'yan kallo, 'yan kallo kuma ke kawo kuɗin talla, irin waɗannan tambayoyi ba za su ƙare ba.

Uban da bai yi boko mai zurfi ba kada ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Kasuwa ta riga ta koya masa abin gwaji. Ya ce wa yaro: kayan naira 1,000 ne aka ƙara musu kashi 20 cikin 100, bayan mako guda aka rage kashi 20 cikin 100, nawa suka koma? Yaron da dabara kawai ya haddace zai ce 1,000. Wanda ya fahimta zai ce sun hau 1,200, ragin kuma daga 1,200 za a cire shi, wato 240, saura 960. In yaro ya yi wata uku da waya bai iya wannan ba, ba sai an kira sufeto ba.

Akwai kuma wani gwaji da ba ya buƙatar sanin lissafi ko kaɗan. A dubi hannun yaro. In yana kallon darasi hannunsa wayam, babu fensir babu littafin aiki, to fim yake kallo. Kallon mai iyo bai taɓa fid da kowa daga rafi ba. Lissafi yakan yi sauƙi ƙwarai sa'ad da wani ke yinsa a gabanka, kana ta gyaɗa kai, sai an ba ka farar takarda ka ga ashe ba abin da ya zauna. Saboda haka darasin da ya cancanci kuɗin data shi ne mai tsayar da yaro ya ba shi tambaya, ya jira amsa, in ya kuskure ya nuna masa a wane mataki ƙafarsa ta zame. Wanda zai ce "ba daidai ba" kawai ya wuce, aikinsa rabi ne.

Wannan na da muhimmanci don yadda ake duba jarrabawa. Takardar lissafi ta WAEC kashi biyu ce: akwai tambayoyi 50 na zaɓen amsa, akwai kuma na rubutu inda ake ba da maki a kan hanyar da aka bi, mataki-mataki. Yaro na iya kuskure amsar ƙarshe ya kwashi maki masu yawa saboda hanyarsa daidai ce, wani kuma ya rubuta amsa tsirara ya tashi da kusan babu. WAEC takan fitar da rahoton manyan masu duba takardu, inda ake bayyana kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kowace tambaya, kuma ana samunsa a shafinta na intanet. Abin takaici, malamai da yawa ba su taɓa buɗe shi ba, ga shi ya fi bidiyo dubu amfani ga ɗan aji shida.

Yanzu kuma ga wani sabon salo. Akwai manhajoji irin su Photomath, wadda ta fito daga ƙasar Kuroshiya a 2014 daga baya Google ya saye ta, da za ka haska wa tambaya kyamara nan take su zubo maka amsa da matakanta. Tun daga watan Nuwamba na 2022 kuma ga ChatGPT da 'yan'uwansa masu ƙirƙirarriyar basira. A hannun malami, ko yaron da ya riga ya yi gumi a kan tambaya yana son ya duba aikinsa, kayan aiki ne masu kyau. A hannun yaron da ke son ya gama aikin gida ya tafi ƙwallo, injin kwafa ne. Wasu masana na Jami'ar Pennsylvania sun gwada wannan a wata sakandare a ƙasar Turkiyya da ɗalibai kusan 1,000, suka fitar da sakamako a 2024. Waɗanda aka bar su da na'urar sakaka sun fi waɗanda ba a ba su ita ba da kashi 48 cikin 100 a lokacin gwaji, amma da aka karɓe ta aka yi jarrabawa, sai suka gaza waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17 cikin 100. Rukunin da aka saita wa na'urar ta riƙa ba su haske kaɗan-kaɗan ba tare da ta faɗi amsa ba, su ba su yi irin wannan faɗuwa ba. Ga shi kuma na'urar kanta takan yi kuskure ba ko kunya. A 2024 an yi ta dariya da wasu daga cikinsu suka nace 9.11 ya fi 9.9 girma. Babba zai yi dariya, yaro ɗan aji ɗaya kuwa rubutawa zai yi.

Masu sayar da waɗannan kaya za su ce mana bincike ya tabbatar da amfaninsu. Sai mu tambaya, binciken wa? Rahoton ilimi na duniya da UNESCO ta fitar a 2023 ya nuna cewa ƙwararan hujjoji a kan amfanin na'urori a karatu ba su da yawa, kuma da dama daga cikin waɗanda ake yaɗawa daga wurin masu sayarwa suke fitowa. Mai tuwo ba ya cewa miyarsa ta kwana. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatu ba. A birnin Delhi na Indiya kuwa, wata manhaja mai suna Mindspark ta ɗaga yara sosai a lissafi cikin wata huɗu da rabi, kamar yadda binciken da aka buga a 2019 ya nuna. Abin lura shi ne ita wannan takan fara gwada yaro ta gano ainihin inda ya tsaya, ta koyar da shi daga nan, ko da ajinsa ya yi gaba da shekaru, kuma yaran suna zuwa wata cibiya ne a kan lokaci, da mai kula da su.

Wannan darasi na Delhi ya shafe mu ƙwarai. Da yawa cikin yaranmu da ke babbar sakandare, ciwonsu na lissafi tun firamare ya kama su: jadawalin sau bai zauna ba, rabawa mai tsawo na ba su tsoro. A ɗora wa irin wannan yaro darasin aljabara, ko wane gwani ne ya shirya shi, gini ne a kan yashi. Manhajar kirki ba ta jin nauyin mai da ɗan aji biyar baya ya gyara tushe. Mu iyaye ne ke jin kunyar hakan, mu kuwa ya kamata mu fara haƙura.

Game da harshe, mun ga matasa da dama sun fara yin darussan lissafi da Hausa, kuma muna yaba musu, gama abin da yaro ya ji da harshen uwarsa yakan shiga da wuri. Sai dai jarrabawa da Turanci take zuwa. Darasin Hausa mai kyau shi ne wanda zai yi bayani da Hausa, sa'an nan ya rubuta tambayar yadda za ta fito a takarda, ya koya wa yaro kalmomin da masu jarrabawa ke amfani da su. Kuma jin Hausa a bakin mutum ba shaidar ya iya lissafi ba ne. Shi ma a auna shi da mudun da aka auna Bature.

Batun kuɗi ba sai mun daɗe a kai ba, kowa na ji a jikinsa, balle tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Bidiyo na shan data kamar rairayi da ruwa. A fifita abin da za a iya saukewa sau ɗaya a yi ta amfani da shi ba tare da intanet ba. A kuma karanta sharaɗi kafin a sa lambar katin banki, gama akwai masu cewa mako guda kyauta, daga nan su yi ta zarar kuɗi kowane wata ba sallama.

Amma akwai abin da ya fi asarar kuɗi muni. Shafuka da yawa da ke kiran kansu na taimakon ɗalibai, tallar cacar ƙwallo ce ke kewaye da darasin, wani lokaci har da hotunan da ba su dace da idon yaro ba. Wasu kuma ba su ɓoye sana'arsu: a turo kuɗi, su turo amsoshin jarrabawa da tsakar dare. Wannan sata ce, ko da wane suna aka kira ta. Sau da yawa ma amsoshin na bogi ne, in kuma aka kama yaro, hukumar jarrabawa na iya riƙe sakamakonsa ko ta soke shi ɗungum. Muna faɗa da baƙin ciki cewa akwai iyaye a cikinmu da su da kansu suke ba da kuɗin. Wanda ya saya wa ɗansa C6 ta wannan hanya, ya tuna wata rana yaron zai tsaya a gaban majiyyaci yana lissafin yawan maganin da zai ɗura masa.

Me za a yi ke nan? Ba kowane uba ne zai iya zama ya tantance darasin lissafi ba, amma babu ikilisiyar da ta rasa malamin makaranta, mai ci ko mai ritaya, ko ɗalibin jami'a da ke hutu. Muna kira ga shugabannin makarantunmu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su ɗora wa irin waɗannan mutane aiki. Su zaɓi darasi guda da suka san yana ba yara wuya, su kalli yadda manhajoji uku ko huɗu suka koyar da shi, su warware misalan da hannunsu su ga ko akwai kuskure, su duba ko an san sunan malamin da inda ya koyar. Sa'an nan su rubuta wa iyaye sunaye biyu ko uku a takarda guda, a manna a allon sanarwa, a kuma sake dubawa kowace shekara tun da waɗannan abubuwa ba sa zama wuri ɗaya. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa na iya ɗaukar nauyin yamma ɗaya a mako, yara su taru a aji da waya ɗaya ko biyu, a kalli darasi na minti goma, a kashe waya, a juya ga allo da alli.

Ita kuwa 'yar gwauruwar nan, wani tsohon malamin firamare ya karɓe ta. Ya mai da ita kan rabi da sulusi da rubu'i, da lemo da wuƙa a kan tebur, ya share bidiyoyin dabaru daga wayar ya bar mata manhaja ɗaya mai ba da aikin yi. Kowace Asabar takan kawo masa littafin aikinta ya duba da jan biro. Ta sake yin rajista, kuɗin kuwa matan unguwa ne suka haɗa.